Kisan da soja ke yi a fagen yaƙi: hukuncinsa a addini da mizanin ɗabi'a

Kisan da soja ke yi a fagen yaƙi mas'ala ce da malaman addini, masana falsafa da masu tsara doka suka daɗe suna kai kawo a kanta: shin wanda ya ɗauki rai yana sanye da kaki, bisa umarnin na gaba da shi, yana da zunubi irin na mai kisan kai, ko kuwa yaƙi ya sauke masa alhakin? Kaɗan ne daga cikin addinai suka amsa da i ko a'a kai tsaye. Yawancinsu karkasa tambayar suka yi: wa aka kashe, a wane hali yake lokacin da aka kashe shi, wa ya ba da izinin yaƙin, me ke cikin zuciyar mai harbin. A Damagaram, inda barikin soja ke zaune tsakanin Birni da Zango kuma gidaje da dama ke da ɗa a bakin daga, tambayar ba ta cikin littafi kaɗai ba ce. Uwa kan aika a yi wa malam ita, sojan da ya dawo hutu ma yakan yi ta da kansa bayan an watse daga karatun zaure.

Asalin hukunci a Musulunci

Asali rai abu ne mai alfarma. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta kamanta wanda ya kashe rai ba da hakki ba da wanda ya kashe mutane duka, aya ta 93 a Suratun Nisa'i kuma ta yi alkawarin Jahannama ga wanda ya kashe mumini da gangan. Yaƙi togaciya ce da aka cire daga wannan asali. Aya ta 39 a Suratul Hajji ta ba waɗanda aka zalunta izinin kare kansu, aya ta 190 a Suratul Baƙara ta ce a yaƙi waɗanda ke yaƙar mutum, ta kuma ɗora da cewa kada a ƙetare iyaka. Daga nan malamai suka fitar da cewa sojan da ya kashe maƙiyi mai ɗauke da makami, a yaƙin da shugaba ya halatta, ba shi da zunubi, babu diyya a kansa, babu kaffara.

Niyya kuwa tana da nata awo. A hadisin Abu Musa al-Ash'ari an tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don ganima, da mai yi don a ambace shi, da mai yi don a ga jarumtarsa, sai ya nuna cewa wanda ya yi don ɗaukaka kalmar Allah shi ne a tafarkin Allah. Ke nan ana iya samun kisan da kotu ba za ta tuhumi kowa a kansa ba, amma mai shi ya tashi babu lada, ko ma da laifi idan ramuwar gayya ce ta tura shi.

Waɗanda ba a taɓawa

Nan ne mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukan Damagaram, ta yi magana dalla-dalla. Duk almajirin da ya kai babin jihadi a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya karanta cewa ba a kashe mata da yara, ana ƙyale masu bauta a ɗakunan ibadarsu sai in sun shiga faɗa, ba a kashe kowa bayan an ba shi amana, ba a kuma warware alkawari. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazid ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham: kada a kashe mace, yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai ƴaƴa, kada a rusa gidaje, kada a yanka dabba sai don ci.

Bahaushe ya ce yaƙi ɗan zamba ne, akwai kuma hadisin da ya ce yaƙi dabara ce. Sai dai malamai sun raba dabara da cin amana. Kwanton ɓauna ya halatta, ɓad da sawu ma haka. Amma a ce wa mutum ya ajiye bindiga ba abin da zai same shi, sannan a harbe shi, wannan kisan gilla ne, kaki ba ya canja masa suna.

Labarin da aka fi jawowa a nan shi ne na Usama ɗan Zaid. Ya rutsa wani mutum a fagen fama, mutumin ya furta kalmar shahada, Usama ya soke shi yana ganin tsoron makami ne ya sa ya faɗa. Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi burin a ce ranar ya musulunta. Kisan kuskure hukuncinsa dabam. A Uhudu Musulmi sun kashe Yaman, mahaifin Huzaifa, cikin ruɗani ba su gane shi ba, Huzaifa ya yafe diyyar. Harsashin da ya sami abokin aiki ko farar hula ba da nufi ba yana ƙarƙashin wannan babi ne.

Umarnin na gaba

“Soja umarni yake bi.” Rabin wannan magana gaskiya ne. Risala ta ce ana yaƙar maƙiyi tare da kowane shugaba, nagari ne ko fajiri, don haka ba a ɗora wa ƙaramin soja binciken zuciyar shugabansa kafin ya fita. Ɗaya rabin shi ne hadisin da ya taƙaita ɗa'a ga abin da yake daidai. Lokacin da Khalid ɗan Walid ya umarci mayaƙansa su kashe fursunonin Banu Jazima, Abdullahi ɗan Umar ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe a cikin mutanensa. Da labari ya isa wurin Annabi (SAW), sai ya ɗaga hannu ya barranta daga abin da Khalid ya yi, aka aiki Sayyidina Ali ya biya diyya. Wanda ya ƙi bin umarnin ba a zarge shi ba.

Tilas ma ba ta zama uzuri a kan jini. Wanda aka ɗora wa bindiga a ka ana iya yi masa rangwame a kan furucin baki, amma ba ya fansar ransa da ran wani, domin nasa bai fi na wancan tsada ba. Malikiyya sun ce ƙisasi na hawa kan wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duka biyun. Abu Hanifa ya taƙaita ƙisasin ga mai tilastawa, amma shi ma bai wanke wanda ya aikata daga zunubi ba. Karin maganar da ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ta fi kusa da fiƙihu fiye da waccan ta barikin soja.

Idan ɓangarorin biyu suna salla

Wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya, kuma ita ce ƙasar Damagaram ta fi sani, don yawancin yaƙe-yaƙen wannan yanki tsakanin masu kallon alƙibla ɗaya aka yi su. Hadisin Abu Bakrata ya ce idan Musulmi biyu suka fuskanci juna da takubba, mai kisan da wanda aka kashe duk suna wuta. Aya ta 9 a Suratul Hujurat kuwa ta ce a sasanta, in ɗaya ɓangaren ya ƙi, a yaƙe shi har ya dawo kan hanya. Malamai sun haɗa biyun da cewa hadisin na magana ne kan faɗan son zuciya da ƙabilanci, ayar kuma kan masu tawaye ga shugaba. Dokokin wannan yaƙi sun fi tsauri, an kuma ɗauko su ne daga yadda Sayyidina Ali ya yi a Yaƙin Raƙumi a 656: ba a bin wanda ya gudu, ba a ƙarasa mai rauni, ba a raba dukiyarsu ganima. Wasu sahabbai, ciki har da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Usaman nan dai, ƙin ɗaukar makami suka yi gaba ɗaya.

Muhawara mafi shahara a wannan yanki ita ce ta Shehu Laminu al-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello na Sakkwato, bayan faɗuwar Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, a 1808. Al-Kanemi ya rubuta yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Ya yarda akwai saɓo a Barno, amma ya ce saɓo ba kafirci ba ne, kuma ana samun irinsa har a Masar da Sham. Bello ya amsa cewa Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma wannan taimako shi ya halatta yaƙin. Bello da kansa ya adana wasiƙun a Infaƙul Maisuri, har da hujjojin abokin hamayyarsa, abin da ba kowane mai nasara ke yi ba. Damagaram a lokacin tana ƙarƙashin Barno. Daga baya Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya gina ganuwa ya tara bindigogi da igwa, Sarki Amadu Kuran Daga kuma ya kai hare-hare ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Kowane ɓangare da limamansa masu yi masa addu'ar nasara.

Tambayar al-Kanemi ba ta tsufa ba. Ƴan Boko Haram, da suka afka wa Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, sun gina halatta jinin soja da ma'aikacin gwamnati ne a kan kafirtawa. Jumhurin malamai sun yi watsi da wannan, suna ganin yaƙar masu kashe bayin Allah a kasuwa da masallaci kariyar al'umma ce. Amma dokokin da aka ambata a baya suna nan a kan soja: wanda ya miƙa wuya, da wanda zargi kawai ake yi masa, jininsu bai halatta ba.

Shekarun 1898 da 1899

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder bayan an karɓe shi a matsayin baƙo. Dalilin da aka fi kawowa shi ne tsoron zai ƙulla ƙawance da Rabe, wanda ya ci Barno da yaƙi. Mai duba da idon fiƙihu zai tambaya ko an ba shi amana, mai duba da idon tarihi zai ce ɗan leƙen rundunar mamaya ne. Shekara guda bayan haka rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni. Mafi yawan masu riƙe da bindigogin ƴan Afirka ne masu bin umarni. A 14 ga Yulin 1899 Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb, wanda aka aiko ya dakatar da shi, a ƙasar Tasawa, cikin kwanaki kaɗan kuma sojojin nan suka juya suka kashe hafsoshin biyu kusa da Maijirgi. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, aka kashe Kuran Daga a Satumba. Abin lura, sojojin ba su bijire ba lokacin da ake karkashe talakawa, sai da abin ya zo kan makomarsu.

A Kiristanci da sauran addinai

Kiristocin Damagaram ba su da yawa, amma muhawarar da suka gada doguwa ce. Fitowa 20:13 ta hana kisankai, Matiyu 5:44 ta ce a ƙaunaci maƙiyi, a Luka 3:14 kuwa Yahaya Mai Baftisma bai ce wa sojoji su ajiye aiki ba, ya dai hana su ƙwace da ƙazafi. Manyan muryoyin farko daga Arewacin Afirka suka fito. Malamin coci Tartuliyan na Kartaj ya ƙi aikin soja ga Kirista, a 295 kuma aka fille kan wani saurayi, Maksimiliyan, a Tebesa ta Aljeriyar yau saboda ya ƙi shiga rundunar Rum. Agustin, wanda ya rasu a 430, shi ma ɗan can, ya ce sojan da ya kashe bisa halattaccen umarni ba mai kisankai ba ne. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya tsara sharuɗɗa uku: shugaba mai iko, dalili na adalci, niyya ta gari. Duk da haka Basiliyos na Kaisariya ya ba da shawarar sojan da ya zubar da jini ya ƙaurace wa jibin Ubangiji shekara uku, bayan yaƙin 1066 a Ingila kuma an ɗora wa waɗanda suka yi nasara tuban shekara guda kan kowane mutum da suka kashe. Ɗarikun Kwaka da Menonait har yau ba sa ɗaukar makami.

A littattafan Yahudawa an hana Dauda gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar, alhali yaƙe-yaƙen nasa halattattu ne. Addinin Hindu ya ɗauki yaƙi a matsayin wajibin jinsin mayaƙa, na Buda ya sa ƙin kashe mai rai a farkon ƙa'idojinsa.

Doka da abin da doka ba ta kai ba

Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 da ƙarinsu na 1977 ba su ɗauki kashe mayaƙi a fagen fama laifi ba, sun haramta kashe fursuna, mai rauni da farar hula. Shari'ar Nurambag ta 1945 zuwa 1946, wadda aka yi wa shugabannin Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙi karɓar bin umarni a matsayin wanke laifi. Masana falsafa sun rabu: Michael Walzer a 1977 ya ce sojojin ɓangarori biyu daidai suke muddin sun kiyaye dokokin faɗa, Jeff McMahan a 2009 ya ce wanda ke yaƙin zalunci yana da laifi ko da mai makami ya kashe.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna magana kan wani rauni dabam da firgicin yaƙi, wato nauyin zuciyar wanda yake ganin ya aikata, ko ya zura ido an aikata, abin da bai dace ba. Fiƙihu ya tanadi mafita ga wani sashe na wannan. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta sa diyya da kaffara a kisan kuskure, kaffarar kuwa a yau azumin wata biyu ne a jere. Wanda ya kashe da gangan ba da hakki ba, ko da magada sun yafe masa, Risala ta ce a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda.