Kayan kariyar ma'aikatan jinya lokacin annoba a jihar Damagaram

Kayan kariya su ne abubuwan da ma'aikacin jinya ke sakawa don kada cutar majinyaci ta kama shi: safar hannu, takunkumi, tabarau, doguwar riga, atamfar roba da ake ɗaurawa a gaba don kare riga, da takalmin roba. Kowace cuta da irin nata. Sanƙarau da mashaƙo ta feshin tari da atishawa suke bi, don haka takunkumin tiyata ya wadatar. Ƙyanda da tarin fuka kan daɗe cikin iska, sai takunkumi mai tacewa irin FFP2. Kwalara kuwa safar hannu take buƙata da atamfa da ruwan jabel, mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, mai kashi 2 na amai da zawo.

Jihar Damagaram ta sha fama da waɗannan cututtuka. Kwalara ta shigo a 2021. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar, 18 suka rasu. Mashaƙo ya ɓulla a Matamaye a 2023.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne samuwar kayan. Babban asibitin ƙasa na Zinder, wato birnin Damagaram, da sashen yara na Magariya, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta daɗe tana aiki, ba ɗaya suke da likitar ƙauye ba. Inda kwalin safar hannu guda zai kai ƙarshen wata, ma'aikaciya kan ajiye ta don karɓar haihuwa da ɗinkin rauni, ta duba sauran marasa lafiya da hannu tsirara. Sau da yawa ana kiran wannan sakaci, alhali lissafin mai ƙaramin guzuri ne. Rashin ruwan famfo na ƙara dagula lamarin, domin safar hannu ba ta maye gurbin wanke hannu.

Sai zafi. Sanƙarau na tashi ne da hunturu ya zarce cikin bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Rigar roba a ɗakin kwano marar fanka kan jiƙa mutum sharkaf, tabarau ya yi hazo har jijiyar yaro ta gagara gani. A nan takunkumi ke sauka zuwa haɓa. Idan damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro, yara biyu ko uku a gado guda, canza safa tsakanin yaro da yaro ma aiki ne.

Tsoro ma na da nasa rabo, amma ba ya daɗewa. Baƙuwar cuta irin korona, wadda ta shigo Nijar a Maris 2020, ta sa kowa rufe fuska. Wadda aka saba gani kowace shekara ba ta razana ma'aikaci, sabo kuwa ba ya rage mata dafi. Akwai kuma kunya: wasu na jin nauyin saka safa kafin su taɓa dattijo ko ɗan uwa, kada a ce ƙyamarsa suke. Halin majo, wato shugaban likita, na da nauyi a nan. In yana sakawa, na ƙasa da shi ma za su saka.

Horon da ya fi amfani shi ne na cire kayan, domin a lokacin ne hannu ke taɓa bayan rigar da ta gurɓata sannan ya kai ga ido ko hanci. A annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ba ta iso Nijar ba, ma'aikatan lafiya sama da 500 suka mutu a Gini, Laberiya da Saliyo, kuma ma'aikatan jinya da mataimakansu ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kamu.