Don Allah ku daina ɗaure ƙafar wanda maciji ya sara

Tunda zafin Maris ya kankama a Kumasi, saran maciji ya dawo mana: masu lambun latas da kabeji a bakin rafi, yaran da ke zura hannu a rami neman gafiya, uwar gida da ta je ɗibar itace. Sanyi macijin ke bi, gindin randa ko ƙarƙashin tankin ruwa. Inda ruwa ke ɗiga kwaɗi kan taru, shi kuma abincinsa ke nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɗaurin nan. Mutum bayan mutum, da shi ake kawo mana su asibiti. Robar tayar keke, igiyar shanya, ɗankwali, an tamke cinya kamar bakin buhu. Kafin a iso ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, yatsu sun yi sanyi, ka tsikare su da allura mai su bai ji ba. Wai kada dafi ya hau. Iyayena, wa ya koya mana wannan? Dafin kasa da na gamsheƙa dama naman wurin saran yake ci. Kun tare jini, kun tsare dafin wuri guda, me kuke jira in ba ruɓewa ba? Sai mutum ya tsira daga dafi, roba ta ja masa yankan ƙafa. Wasu har su tsaga da reza, su manna baƙin dutse, a kwana gidan mai magani. Haba jama'a!

Na san ƙauna ce, ba wanda ke so ɗansa ya nakasa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda tun 2017 ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, ta ce kada a ɗaure, kada a tsaga.

In maciji ya sari mutum, ku cire masa zobe da takalmi. Kada ya taka, a ɗauke shi. A kira lambar gaggawa 112, ko a sa shi a mota ko pragya, wato babur mai ƙafa uku, zuwa asibiti mafi kusa, Manhyia ne ko Komfo Anokye, domin allurar maganin dafi sai asibiti. Ban da bin maciji. In gamsheƙa ta tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa. In an riga an ɗaure, ku faɗa mana ƙarfe nawa aka ɗaure, mu za mu kwance.

Masu kwana a waje saboda zafi, ku kafa gidan sauro ku cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, kada kuma a fita da dare ba tocila.