Ɗan'uwa mai babur, durƙusa ka duba ƙarƙashin mashin ɗinka

Mu da muke aiki a ɗakin karɓar masu haɗari, akwai tambayar da muke yi wa duk wanda aka kawo da faɗuwar babur, bayan an tsayar da jini hankali ya dawo: yaya aka yi? Amsoshin ba su cika canzawa ba. "Taya ce ta zame." "Cen ne ya goce." "Na taka birki bai kama ba." Sai 'yan'uwa su rufe zancen da cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara. Amma idan ka ɗan ja hirar, mai babur da bakinsa zai gaya maka cewa ya daɗe da sanin tayar ta suɗe, yana jira ne kuɗi su shigo. Wannan jiran shi ne abin da nake so mu tattauna.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma aƙalla ɗaya cikin biyar masu babur ne da masu babur mai ƙafa uku. Wanda ya tsira kuwa, sau da yawa da karayar ƙwauri yake tsira, irin wadda ƙashi ke fasa fata ya leƙo waje, ƙasa da yashi su shiga ciki. Irin wannan karaya ce ke kai magidanci Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya yi watanni ba ya nema, iyali na zaune.

Na san uzurin, kuma ba ƙarya ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ɗan acaɓa yana raba abin da ya samu tsakanin gidan mai, balas ɗin mai mashin da cefane. Taya ba ta kuka kamar yaro mai jin yunwa, shi ya sa kullum ita ake cewa ta bari sai gobe. Idan kuma babur na haya ne, mai shi ya ce gyara na direba ne, direba ya ce ai ba nawa ba ne. Alhaji mai mashin, ka ji tsoron Allah: wanda ke karɓar balas kullum, shi ya kamata ya fara tambayar yaushe aka sauya taya.

Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne. Ta nan ruwa ke bi ya fita, roba ta samu ta kama kwalta. Idan zanen ya shafe, ruwa ya shiga tsakani, sai babur ya tafi da kai inda ba ka nufa ba, musamman a ruwan farko na damina, lokacin da man da ya zuba a kwalta duk rani yake tasowa. Ka duba gefen tayar, za ka ga ɗan alama mai kusurwa uku. Bi ta wajen zuwa cikin zanen, akwai ɗan tudu. Ranar da fuskar taya ta zo daidai da tudun nan, ta gama aiki. Wadda zare ya fito, ko ta yi ƙulu a gefe, ko ta tsattsage, wannan ba ta buƙatar shawarar kowa. Cusa guntun tsohuwar taya a ciki don tare tub, kamar yadda wasu masu faci ke yi, ɓoye ciwo ne kawai.

Masu sayen ta gwanjo, ku nemi lambobi huɗu da ke gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma zafin watan Maris da Afrilu ba ya raga wa tsohuwar taya, balle an ɗora mata buhu biyu da mutum uku. Iska kuma a auna ta da ma'auni da safe kafin taya ta ɗau zafi, dukan ta da ƙafa ba awo ba ne.

Cen, wato sarƙar da ke juya tayar baya, shi ne aka fi wulaƙantawa. Yana hawa kan faranti biyu masu haƙora, ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya. Sabon haƙori kansa a daƙushe yake. Idan ya cinye sai ya yi tsini ya lanƙwashe kamar ƙaho, wani ma ya karye. Ka kama cen a bayan babban farantin ka ja shi baya. Idan ya ɗago har kana ganin rabin haƙori, ya miƙe ke nan. A nan ne ake yin dabarar cire gaɓa ɗaya don ya ɗame, a ci gaba da tafiya. Ranar da ya goce kana cikin gudu, yana iya cushewa ya ƙulle tayar baya nan take, kuma babu gwanin da ke riƙe babur a wannan hali. Idan za a sauya, a sauya cen da farantai biyun tare, don tsofaffin haƙora cinye sabon cen suke yi. Wasan da ake bar masa bai wuce faɗin yatsa biyu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cire murfin cen a jefar, wai yana ƙara. Da ma ƙarar sako-sakon cen ce ke dukan murfin. An cire murfi, ƙurar hunturu ta haɗu da baƙin mai tana goge ƙarfe, sannan bakin hijabi ko zani ya samu ƙofar shiga. Mun sha ɗinke diddigen yara da aka goya a baya, mun ga matan da hijabi ya fizgo ta wuya. Iyaye mata, kafin ku hau, ku tattare mayafi a cinya, ku dubi inda ƙafar yaro take.

Yawancin baburanmu, irin su Boxer da Jincheng, birkinsu na cikin ganga ne, ba a ganin takalmin birkin da ido, wato abin da ke goga gangar ya tsayar da taya. Amma yana ba da sanarwa. Idan kullum sai an ƙara ɗaure notin da ke ƙarshen sandar birki har zaren ya ƙare, ko ƙafarka na nutsewa ƙasa kafin ya kama, ko kana jin ƙarfe na cin ƙarfe, takalmin ya ƙare. Wanda mai ya jiƙa ba a wanke shi, sauyawa ake yi. Birkin gaba kuma, da wasu ke barin wayarsa a tsinke don tsoron kada ya kifar da su, shi ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa. A koyi matsa shi a hankali tare da na baya. Bayan an ratsa ruwa, a ɗan tattaka birki ya bushe kafin a ƙara wuta.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa, kuna karɓar kuɗin tikiti kowace safiya, babur kuma a gabanku yake tsayawa. Duba taya da matsa birki ba zai ɗauke ku minti biyu ba. Fasinja ma yana da ikon ya kalli taya ya ce a'a, ya jira na gaba.

Idan kuma abin ya faru, a danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Kada a zuba fetur, man birki ko ƙasa a ciwo. Kada a fizge hular kwano, kada a ɗaga wanda ke kukan wuya ko baya a zaunar da shi a kan wani babur. A ɗaure karaya da katako yadda take, ba tare da an ja ta ba, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Karayar da ƙashi ya fito waje ta asibiti ce a ranar, don a wanke ta a yi allurar tetanus, ba a fara kai ta wurin mai ɗori.