Musayar bayanai tsakanin zuciyar manhaja da fuskarta

Zuciyar manhaja ita ce ɓangaren da ke riƙe bayanai da ƙa'idojin aiki, fuskarta kuwa ita ce abin da mutum yake gani a allo yana latsawa. Abin da masu tsarawa suke fara yankewa shi ne wane ɓangare ke da ikon canza bayani, kuma ta wace hanya labarin canjin zai isa allo.

Tarihi

Galibi ana danganta asalin wannan rabo ga Trygve Reenskaug, masanin kwamfuta ɗan Norway, wanda ya yi aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC a Amurka tsakanin 1978 da 1979. Daga rubuce-rubucensa na 1979 tsarin MVC (Model-View-Controller) ya samo suna, mai manyan sassa uku: ma'ajin bayanai, mai nunawa, da mai karɓar umarnin mutum. An gina shi cikin Smalltalk-80, wani harshen rubuta manhaja, amma bayaninsa bai bazu sosai ba sai wajen 1988, da Glenn Krasner da Stephen Pope suka wallafa nasu sharhin. Hikimar tsarin ita ce ma'aji bai san kamannin allo ba. Idan wani abu ya canza, sai ya yi shela ga masu nunawar da suka yi rajista da shi, kowanne ya zo ya ɗauki abin da yake bukata.

A 2005 John Gossman na Microsoft ya bayyana wani tsarin mai suna MVVM, inda ake ɗaure allo da bayanai, canjin ɗaya ya bi ɗayan kai tsaye. Facebook ya gabatar da tsarin Flux a 2014, makamancinsa mai suna Redux ya biyo baya a 2015, dukansu suna tilasta wa bayanai tafiya ta hanya ɗaya. Har yanzu ana saɓani kan wanda ya fi.

Amfani

A Chadi, inda Faransanci da Larabci suke harsunan hukuma, manhajar ɗan kasuwar Njamena ya kamata zuciyarta ta miƙa tsagwaron adadi, kamar 12500, fuska ce za ta ƙara alamar sefa ta jera rubutu daga dama ko daga hagu. Haka nan idan intanet ta yanke wa mai tura kuɗi tsakanin Garwa da Marwa a Kamaru, ba daidai ba ne allo ya ce an tura kafin zuciya ta tabbatar. Shi ya sa ake ware matsayin "ana jira" daban.