Wendie Renard: tambayoyi da amsoshi kan 'yar wasan bayan da ta lashe Kofin Zakarun Turai sau takwas

Wace ce Wendie Renard, kuma daga ina ta fito?

Wendie Renard 'yar ƙwallon ƙafa ce ta ƙasar Faransa, mai tsaron baya ta tsakiya, wadda ta shafe kusan shekara ashirin tana taka leda a ƙungiya ɗaya tilo, wato Lyon. An haife ta ranar 20 ga Yuli, 1990 a Martinik, wani tsibiri da ke yankin Karibiyan wanda yake ƙarƙashin Faransa duk da cewa tsakaninsa da birnin Paris akwai tafiyar kusan kilomita 7,000. Ta tashi ne a Le Prêcheur, ƙaramin gari a bakin teku, a gindin dutsen Pelée mai aman wuta. Ita ce auta a cikin 'ya'ya mata huɗu, kuma tana da shekara takwas mahaifinta ya rasu sakamakon cutar daji. A tsakiyar yara maza ta koyi ƙwallo, kamar yadda akasarin matan zamaninta suka koya.

Ta yaya yarinyar da ta tashi a tsibiri mai nisa haka ta sami shiga Lyon?

Ba ta ƙofar da aka saba bi ta shiga ba. A 2006 ta je gwaji a Clairefontaine, cibiyar horar da matasa ta hukumar ƙwallon Faransa da ke kusa da Paris, amma ba a ɗauke ta ba. Maimakon ta koma gida, sai aka sama mata damar wani gwajin a Lyon, ta hau jirgin ƙasa ta tafi, kuma kocin ƙungiyar na lokacin, Farid Benstiti, ya ga abin da waɗancan ba su gani ba. Tana da shekara 16 a lokacin.

Ta kuma zo a kan gaɓa. Shekara biyu kafin zuwanta, shugaban Lyon na lokacin, Jean-Michel Aulas, ya karɓi ƙungiyar matan garin ya haɗe ta da tasa, ya fara zuba mata kuɗi a zamanin da manyan ƙungiyoyin Turai ba su ɗauki ƙwallon mata a bakin komai ba. Renard da ƙungiyar tare suka girma, shi ya sa da wuya a ba da tarihin ɗaya ba tare da ɗayar ba.

Waɗanne kofuna ta ci a Lyon?

Lyon ta lashe gasar lig ta Faransa sau 14 a jere daga 2007 zuwa 2020, kafin Paris Saint-Germain ta katse mata hanzari a 2021, sannan ta dawo ta ci gaba da lashewa daga 2022. Amma abin da ya kai sunan Renard duniya shi ne gasar Zakarun Turai ta mata, wadda ta ɗauka sau takwas: 2011, 2012, sai biyar a jere daga 2016 zuwa 2020, sai kuma 2022 da suka doke Barcelona da ci 3-1 a birnin Turin. Tun daga 2013 ita ce kyaftin, ke nan shida daga cikin kofunan nan takwas hannunta ne ya fara ɗaga su.

Na farkon yana da labari. A 2010 Lyon ta kai wasan ƙarshe, amma Turbine Potsdam ta Jamus ta doke ta a bugun fenareti. Da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa a filin Craven Cottage da ke Landan, Lyon ta rama da ci 2-0, kuma Renard, tana 'yar shekara 20, ita ta ci ƙwallon farko. Ta kuma ɗanɗana rashin nasara a wasan ƙarshe bayan haka, a hannun Wolfsburg a 2013 da Barcelona a 2024. A 2022 ta zama mace ta farko da ta buga wasa 100 a gasar.

Mai tsaron baya aikinta hana cin ƙwallo ne. To me ya sa ake yawan ambaton ƙwallayen da Renard ta ci?

Saboda ta ci da yawa, kuma galibi a lokacin da aka fi bukata. Tsayinta mita 1.87 ne, abin da ba kasafai ake samu a ƙwallon mata ba, kuma a gasar Kofin Duniya ta 2019 babu wadda ta kai ta tsayi. Idan aka sami bugun kwana ko bugun tazara, takan baro baya ta shigo cikin da'irar abokan hamayya, masu gwanintar bugo ƙwallo da ta yi wasa tare da su irin su Dzsenifer Marozsán da Amel Majri da Selma Bacha kuma su auno kanta. Kowane koci ya san abin da za a yi, amma sanin bai cika hana shi faruwa ba. Da ka ta ci ƙwallon da ta fitar da Paris Saint-Germain a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai a 2020, da ka kuma ta ci wa Faransa ƙwallon da ta doke Brazil 2-1 a Brisbane a Kofin Duniya na 2023, minti bakwai kafin cikar lokaci. Ta ci wa ƙasarta ƙwallo sama da 30 a wasanni fiye da 160, adadin da 'yan wasan gaba da dama ba su kai ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka tsayi kaɗai ne jarinta. Tsayi ba ya koya wa mutum lokacin da zai yi tsalle, ko yadda zai sulale wa mai gadinsa. Ban da haka, ƙungiya irin Lyon takan riƙe ƙwallo a yawancin wasanninta, masu tsaron bayanta su matso har tsakiyar fili, su bar wawakeken sarari a bayansu. Wadda za ta tsaya a nan dole ta iya karanta wasa, ta tare hari tun kafin ya nuna, ta jera abokan aikinta a layi ɗaya domin kama satar gida, sannan ta iya fara kai hari da doguwar ƙwallo. A ganina wannan ɓangaren aikin nata, wanda ba ya fitowa a gajerun bidiyon da ake yaɗawa, shi ya riƙe ta a kan ganiya tsawon shekaru, ana ta sauya mata abokan tsaro daga Laura Georges zuwa Griedge Mbock da Kadeisha Buchanan.

Me ya faru tsakaninta da Super Falcons ta Najeriya a 2019?

Ranar 17 ga Yuni, 2019 Faransa mai masaukin baƙi ta kara da Najeriya a birnin Rennes, a wasan ƙarshe na rukuni. Super Falcons sun tsare gida da kyau har sama da minti 70 babu ci. Daga nan Ngozi Ebere ta kayar da Viviane Asseyi a cikin da'ira, alƙaliyar wasa Melissa Borjas ta ƙasar Honduras ta duba na'urar VAR, ta ba da fenareti, ta kuma kori Ebere da katin gargaɗi na biyu. Renard ta buga, ƙwallon ta daki turke ta fita waje. Ana cikin murna sai aka ce a sake, domin na'urar ta nuna cewa mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie, 'yar shekara 18, ta ɗan baro layi kafin a buga. Renard ta sake bugawa ta ci, aka tashi 1-0.

A bisa doka hukuncin daidai ne, domin sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a watan ta tanadi cewa dole ƙafa ɗaya ta mai tsaron raga ta kasance a kan layi. Abin da ya ƙona ran 'yan Najeriya shi ne Nnadozie ba ta ko taɓa ƙwallon ba, Renard da kanta ta zubar, don haka matsowar ba ta amfane ta da komai ba. Duk da haka Najeriya ta tsallake zuwa zagaye na biyu, inda Jamus ta fitar da ita da ci 3-0. Nnadozie kuwa ta koma ƙungiyar Paris FC a 2020, ta yi shekaru tana fuskantar Renard a lig ɗin Faransa.

Idan ta ci komai a Lyon, me ya hana ta cin babban kofi da Faransa?

Nan ne tabon da ke jikin tarihinta. Ta fara buga wa Faransa a 2011, shekarar da suka zo na huɗu a Kofin Duniya, suka sake zuwa na huɗu a wasannin Olamfik na Landan a 2012. Bayan nan sai wasan daf da na kusa da ƙarshe ya zame musu ƙarfen ƙafa. A 2019, a gaban 'yan kallonsu a Paris, Amurka ta fitar da su da ci 2-1, Megan Rapinoe ta ci biyu, Renard ta farke ɗaya da ka, wadda ita ce ta huɗu da ta ci a gasar. A 2023 Ostireliya ta fitar da su a bugun fenareti da 7-6, a Olamfik na 2024 kuma Brazil ta cire su a gida da ci 1-0. Gasar Turai ta 2022 ce kaɗai suka wuce wannan mataki, Jamus ta tare su a kusa da ƙarshe.

Wani ɓangare na amsar shi ne Lyon ba ta Faransawa kaɗai ba ce. A shekarun da ta ci kofunan nan tana da Ada Hegerberg ta Norway, da Marozsán ta Jamus, da Saki Kumagai ta Japan, da Lucy Bronze ta Ingila na wasu shekaru, waɗanda babu mai iya saka musu rigar Faransa. Ɗaya ɓangaren kuma rikicin cikin gida ne.

Wane irin rikici?

Da Corinne Diacre ta karɓi horar da Faransa a 2017, ta karɓe kambun kyaftin daga hannun Renard, wadda take riƙe da shi tun 2013, ta bai wa Amandine Henry. Ta mayar mata da shi a 2021, amma zaman bai gyaru ba. Ranar 24 ga Fabrairu, 2023, ana saura wata biyar a fara Kofin Duniya, Renard ta sanar cewa ta janye daga tawagar ƙasa, tana mai cewa ba za ta iya ci gaba da goyon bayan tsarin da ya yi nisa da abin da ƙwallo a babban mataki ke bukata ba, kuma tana son ta kare lafiyar ƙwaƙwalwarta. A ranar Kadidiatou Diani da Marie-Antoinette Katoto suka bi sahunta. Ranar 9 ga Maris hukumar ta sallami Diacre, daga baya ta ɗauko Hervé Renard, mutumin da ya ci Kofin Afirka da Zambiya a 2012 da Kwaddibuwa a 2015. Suna ne kawai ya zo ɗaya, babu dangantaka tsakaninsu. Ya dawo da Wendie, ya bar mata kambunta.

Akwai masu ganin bai dace 'yar wasa ta yi sanadin korar mai horar da ita ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Amma abin da ta jefa cikin haɗari nata ne: tana da shekara 32, da hukumar ta tsaya a bayan Diacre, da ta rasa Kofin Duniyar da ƙila shi ne nata na ƙarshe. A 2025 sabon koci Laurent Bonadei ya bar ta a gida tare da Eugénie Le Sommer da Kenza Dali lokacin da ya fitar da tawagar gasar Turai, kuma Jamus ta fitar da Faransa a wasan daf da na kusa da ƙarshe, a bugun fenareti.

Ta taɓa lashe kyautar Ballon d'Or?

Ba ta taɓa ba, ko da yake 'yan wasa 'yan'uwanta sun sha zaɓen ta a cikin gwanaye 11 na duniya. A 2018 aka fara bai wa mata kyautar, abokiyar wasanta Hegerberg ta fara karɓa, sai Rapinoe a 2019, sai Alexia Putellas sau biyu, sai Aitana Bonmatí sau uku daga 2023 zuwa 2025. A cikinsu babu mai tsaron baya ko ɗaya. Ko a wajen maza, rabon da ɗan baya ya karɓe ta tun Fabio Cannavaro na Italiya a 2006.