Tantanin Ware Haidirojin a Kumbon Sama Jannati

Tantanin ware haidirojin wani siririn shamaki ne, na ƙarfe ko na roba, wanda iskar haidirojin ke ratsawa ta bar ruwa ko sauran iskar da take gauraye da su a baya. Ana buƙatarsa a cikin kumbo domin haidirojin tana kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, kuma da ita ake sake haɗa ruwa, wanda ɗaukarsa daga doron ƙasa ke cin kuɗi mai yawa.

Tantanin faladiyom

A shekarar 1866 masanin sinadarai Thomas Graham ya nuna a Landan cewa ƙarfen faladiyom yana shanye haidirojin da ta ninka girmansa kusan sau 900. Wannan ƙarfe ba shi da huji kamar rariyar tankaɗe. Ƙwayar haidirojin ce ke rabuwa gida biyu a fuskarsa, ta narke a cikinsa, ta ratsa, sannan ta sake haɗewa a ɗaya gefen, abin da sauran iska ba sa iyawa. Tsantsar faladiyom kan tsage idan ta yi ta shan haidirojin a zafin da bai kai digiri 300 na ma'aunin Celsius ba, don haka a wajajen shekarun 1950 aka fara gauraya ta da azurfa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Ruwan sha ne ya fara kai wannan fasaha sama. Kumbunan Apollo na Amurka suna samun lantarki daga na'urar da ke haɗa haidirojin da oksijin, kuma ruwan da ke fitowa daga gare ta shi 'yan sama jannati ke sha. Ruwan yana zuwa cike da haidirojin. Da yake babu nauyi a can, kumfar ba ta tasowa sama, tana nan tsaye a tsakiyar ledar busasshen abincin da aka ɗura wa ruwa, mutum ya haɗiye ta tare da abincin, ya wuni da kumburin ciki. Daga Apollo 12, a watan Nuwamba na 1969, aka riƙa bi da ruwan ta cikin bututun faladiyom da azurfa, haidirojin ta ratsa bangonsa ta fice sararin samaniya. Kumbon Space Shuttle, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, ya gaji wannan dabara, inda take cire kusan kashi 85 cikin 100 na rarar iskar.

Tantanin roba

Kumbon Gemini 5 ya tashi a 1965 da na'urar lantarki mai tantanin roba ta kamfanin General Electric, sai dai tantanin yana lalacewa har ruwansa bai shawuwa. Nafion, wani tantanin roba da kamfanin DuPont ya samar a ƙarshen shekarun 1960, ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Irinsa ne ke cikin na'urar oksijin ta ɓangaren Amurka a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kunna a 2007. Lantarki yana fasa ruwa, oksijin ta tsaya a gefe guda, haidirojin ta ƙetare tantanin zuwa ɗayan. Kowane kilo 9 na ruwa yana ba da kilo 8 na oksijin da kilo 1 na haidirojin. Na'urar oksijin ta ɓangaren Rasha, mai suna Elektron, da ruwan sinadari take aiki a maimakon irin wannan tantani.

Sake amfani da haidirojin

Da farko zubar da haidirojin ake yi. Daga 2010 zuwa 2017 tashar ta yi amfani da na'urar da ke bin hanyar Paul Sabatier, Bafaranshen da ya karɓi kyautar Nobel a 1912, inda ake haɗa haidirojin da iskar da mutane ke fitarwa a numfashi a samu ruwa da iskar metan. Rabin haidirojin yana tafiya a cikin metan ɗin da ake zubarwa, shi ya sa oksijin da ake kwatowa ba ya wuce kusan rabi. Wannan asara tashar da ake kai wa kaya a kai a kai tana iya jure ta, amma tafiya zuwa duniyar Mars ba za ta ɗauke ta ba.

Cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gwada fasa metan ya koma haidirojin da asitilin, iskar nan da masu walda a Garwa da Njamena ke yanka ƙarfe da ita. Dole a raba su kafin a mayar da haidirojin cikin na'ura, kuma an gwada tantani mai aiki da lantarki don wannan aiki. Wasu masana sun fi karkata ga hanyar Bosch, wadda ke barin ƙurar gawayi a maimakon metan, kodayake ƙurar kan toshe na'ura.