Me Kirista ke nufi idan ya ce Littafi Mai Tsarki "hurarre" ne?

A majami'un da ake sujada da Hausa a Legas, irin na Agege da Mile 12 da barikokin soja, da wuya a gama ajin baftisma ba a ji wannan kalma ba. Malamin aji ya ce Littafi Mai Tsarki hurarriyar Maganar Allah ce, 'yan aji su amsa baki ɗaya. Amma in an koma kasuwa, maƙwabcin rumfa ya ce, "Malam, wai shi littafin naku wa aka saukar wa?", sai ka ga baki ya yi nauyi. Ba kullum tambayar ke zama tsokana ba. Kunnen Bahaushe ya saba da saukarwa, domin Musulmi sun yi imani cewa Alƙur'ani, lafazinsa da ma'anarsa, daga Allah ya sauko da Larabci ta hannun Mala'ika Jibrilu. Da wannan ma'auni mai tambayar ya zo, alhali abin da ikilisiya ke koyarwa game da littafinta wani abu ne daban.

Ayoyi biyu ne ginshiƙin koyarwar. A 2 Timoti 3:16, wato wasiƙarsa ta biyu zuwa ga almajirinsa Timoti, manzo Bulus ya ce kowane Nassi hurarre ne daga Allah, yana kuma da amfani wajen koyarwa da tsawatarwa da gyaran hali da tarbiyya. A 2 Bitrus 1:21 kuma an ce annabci bai taɓa zuwa da nufin ɗan Adam ba, mutane ne suka yi magana daga Allah, Ruhu Mai Tsarki yana iza su. Wato Allah ne tushen saƙon, amma mutum ne ya riƙe alƙalami, da harshensa da hankalinsa da halinsa, Ruhu kuma ya bishe shi har abin da ya rubuta ya zama abin da Allah ke so a rubuta. Yawancin littafin ba shibta ba ne.

Wannan hannu na ɗan Adam ba a ɓoye yake ba, a fili yake a shafi bayan shafi. Luka, wanda likita ne, ya buɗe Bishararsa da cewa ya bi diddigin al'amuran tun daga farko, ya dogara da shaidar waɗanda suka gani da ido, sannan ya tsara wa Tiyofilas. Bincike ke nan irin na marubucin tarihi. Bulus, a ƙarshen wasiƙar nan da ta yi maganar hurarren Nassi, ya roƙi Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafansa. A 1 Korantiyawa 1 yana lissafa mutanen da ya yi wa baftisma, sai ya tuna da iyalin Istifanas daga baya, ya ƙara da cewa bai sani ba ko akwai wani kuma. A wasiƙar Romawa ma, magatakardan da ya rubuta masa, Tartiyus, ya cusa gaisuwarsa a babi na 16. Zabura kuwa galibinta maganar mutum ce zuwa ga Allah, har da kuka da ƙorafi. Akwai wuraren da annabi ke cewa "in ji Ubangiji" kai tsaye, akwai kuma Irmiya da ya yi wa Baruk shibta, amma ikilisiya ba ta ce waɗannan sun fi alkyabbar Bulus zama Nassi ba. A ganina, Kiristan da ke jin kunyar waɗannan ayoyi a gaban maƙwabcinsa bai fahimci koyarwar cocinsa ba, yana ƙoƙarin kāre littafinsa ne da ma'aunin da ba nasa ba.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa Bishara huɗu ba ta dami masu bi ba. Matiyu da Markus da Luka da Yahaya shaidu ne huɗu, kowa da masu sauraronsa da tsarinsa. Daga nan kuma ake gane matsayin fassara. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, sai wasu sassa na Daniyel da Ezra da ke da Aramiya, Sabon Alkawari kuma da Girkancin yau da kullum na zamanin. Ba harshe ɗaya aka keɓe ba tun asali, saboda haka Kirista na karanta na Hausa ya kira shi Maganar Allah ba tare da wata-wata ba. Na Yarabanci, wanda Bishop Samuel Ajayi Crowther ya yi wa babban aiki, ya fito cikakke a 1884. Na Hausa ya fito a 1932, bayan shekaru na aikin Likita Walter Miller da abokan aikinsa a ƙasar Zazzau. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, hedikwatarta na nan Apapa. Sai dai malaman tauhidi na jaddada cewa rubutun asali shi ne hurarre. Mai fassara na iya kuskure, shi ya sa ake sabunta fassarori, kuma shi ya sa tsoho da jikansa kan buɗe aya ɗaya su ji kalmomi sun ɗan bambanta.

Wane littafi ne ya shiga, wane ne bai shiga ba? Cocin farko ya duba ko rubutun na da alaƙa da manzanni, ko ya yi daidai da koyarwar da aka karɓa, ko kuma ikilisiyoyi da yawa na karanta shi a sujada. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda suke yau ya bayyana a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, a shekarar 367, taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Kartaj na Arewacin Afirka a 397 kuma ya amince da shi. A kan waɗannan babu jayayya tsakanin Katolika da Furotesta. A Tsohon Alkawari ne aka rabu: Furotesta na ƙidaya 39, jimilla 66, Katolika kuma 46, jimilla 73, domin sun riƙe littattafai irin su Tobit da Makabiyawa da ke cikin tsohuwar fassarar Girkanci.

Maganar iko ita ce ta fi taɓa rayuwar yau. In Nassi daga Allah yake, to yana da hukunci a kan abin da mai bi zai gaskata da abin da zai aikata. Furotesta, tun daga tsayuwar jagoransu Martin Luther a gaban sarki a birnin Worms na Jamus a 1521, sun ce Nassi ne alƙali na ƙarshe, sama da fasto da majalisa. Katolika sun ce Nassi da koyarwar da aka gada daga manzanni tare suke tafiya, kuma Ikilisiya ce ke da haƙƙin fassara su, kamar yadda babban taron Fadar Vatican ya sake bayyanawa a 1965. Akwai saɓani kuma a kan rashin kuskure. Masu ra'ayin Sanarwar Chicago, wadda wasu malaman Furotesta suka fitar a Amurka a 1978, sun ce rubutun asali ba shi da kuskure ko a tarihi, wasu kuma na cewa tabbacin ya shafi gaskiyar da ake buƙata domin ceto ne.

A Legas, inda kusan kowane layi ke da mai cewa "Ubangiji ya gaya mini", kalmar hurarre na shan ja. Ana liƙa ta a mafarkin annabin unguwa, da wa'azin kwanan coci, har da saƙon da ke yawo a WhatsApp. Manyan ɗariku, har da na Fentikos masu yarda da baiwar annabci, ba su sa irin wannan a layi ɗaya da Nassi ba. Koyarwarsu ita ce a auna shi da abin da ke rubuce, kamar yadda mutanen Biriya suka yi wa Bulus kansa a Ayyukan Manzanni 17:11, suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne. Haka nan wanda ke ajiye Zabura 91 a buɗe ƙarƙashin matashin kai, ko a gaban gilashin mota don tsari daga haɗarin hanyar Ikorodu, ya mai da littafin laya. Dattawan ikilisiya da yawa kan tsawata a kan hakan, domin amfani huɗun da Bulus ya lissafa wa Timoti babu wanda ke samuwa sai an karanta.